Pesamino da Dokar Cinya

Ranar da Fuatino ta fito daga babban asibiti riƙe da jakar mijinta, shi kuwa mijin an bar shi a ɗakin sanyi sai dangi sun haɗu, ta tarar bas ɗin Vailupe ta cika har ƙofa a tashar kasuwa. Ta hau ta tsaya a matakala. Pesamino na zaune a wurinsa, benci na farko bayan direba, gefen taga. Ya dubi jakar, ya dubi takalman marigayin da ke leƙowa ta bakinta, bai tambaye ta ya mai jiki ba. Sai ya matsa ya ba ta tagar, tagar da ko fasto bai taɓa samu ba. Ƙaton mai sayar da kifin da ke kusa da shi ya ɗora shi a gwiwa ɗaya, jakar a ɗayar, Pesamino ya ce wa direba ya ƙure kiɗa. Ta juya fuska waje. Iska ta dinga busar da hawayen kafin su kai haɓa, kiɗa ya rufe sauran. Har suka iso gari babu wanda ya san ta yi kuka sai shi, shi kuwa yana ta yi wa ƙeyar direba bayani kan tsadar kifin gwangwani.

Wannan alherin ya yi shi, Allah kuma ya gani. An fara da shi ne don kada a ce an ci zalinsa, saboda sauran tarihin Pesamino ba duka ne za a iya karantawa a coci ba.

A Vailupe aka haife shi, a gidan ƙarshe kafin a fita gari ta hanyar Apia, babban birnin tsibirin. Ya yi makaranta iya yadda malamai suka iya jurewa. Ya taɓa awon busasshiyar kwakwa a wani kanti, ya taɓa gadin wani ofis, ya je Niyu Zilan tsinkar tuffa ya dawo tun tuffar ba ta nuna ba, ya ce sanyin ƙasar ba na mutum mai asali ba ne. Da kawunsa ya rasu, dangi suka zauna zaɓen wanda zai gaji sandar magana ta gidansu. Suka duba suka ga duk sauran suna da aikin yi, sai suka ba shi. Tun daga ranar ake ce masa Lau Tofa, yadda ake kiran kowane mai sanda da ke magana da yawun danginsa a majalisar gari. Ya ɗaura farin zani mai aljihu, ya rataya bulalar zaren kwakwa a kafaɗa, cikinsa kuma ya shiga girma don ya kamo muƙamin.

Sai dai majalisa sau ɗaya take zama a wata. Sauran kwanakin, fadarsa bas ce.

Bas uku ne a lokacin suke jigila tsakanin Vailupe da Apia, duka na katako, sun sha fenti kamar aku, babu gilashi a taga sai ledar da ake ja in ruwa ya sauko. Wadda Pesamino ya zaɓa ita ce ta Kelemete, wani siririn direba mai ɗan gemu, wanda ya gaji motar daga ubansa, ya gaji Pesamino tare da ita. Tsarin zama kowa da shi ya tashi: tsofaffi gaba, matasa baya, dattijo ya shigo yaro ya miƙe, in benci ya ƙare cinya ta karɓa. Ba a roƙo, ba a godiya. Mutum ya ɗan bugi gwiwarsa da tafin hannu, kai kuma ka zauna, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Wanda ya ƙi ɗaukar mutum kuwa, maganar sai ta kai kunnen jikokinsa.

Abin da Pesamino ya ƙara a kai shi ne mulki. Babu wanda ya naɗa shi, babu mai biyansa, amma babu cinyar da za a zauna a motar Kelemete sai da yardarsa. Daga wurinsa yake juyowa ya auna mai shigowa da ido, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yadda ya saba auna kwakwa, sai ya nuna da bulala: kai can, ke nan, kwandon gwaza ƙarƙashin benci, zakaran nan a riƙe masa baki. Yakan san mace na da ciki tun mijinta bai sani ba, don ya ga ta daina bugun gwiwa. Matan wa da ƙane da suka shekara ba sa gaisawa, ya ɗora ɗaya kan ɗaya tun daga gari har kasuwa, a hanya mai ramuka. Suka sauka suna zagin juna, ya ce ai an samu ci gaba. Aure uku ya ce shi ya ƙulla su a bencin baya, amma da ɗaya ya mutu sai ya tuna cewa wancan a bas ɗin wani aka ƙulla shi. Wanda ya musa masa a majalisa kuwa, washegari zai tsinci kansa ɗauke da mai sayar da kifi.

Babu abin da ke kai shi Apia. Yana zuwa ne don bas za ta je. In sun isa ya zauna a tasha ya ci fanke, ya tattara labarin wasu garuruwa, ya dawo da shi ya ninku. Yana da kwandala ɗaya da yake maƙalewa a kunne. In zai sauka ya zaro ta ya ƙwanƙwasa rufin mota kamar kowa, mota ta tsaya, ya mayar da ita kunne, ya sa wa Kelemete albarka. Kelemete yakan ce da albarka tana tada inji, da tuni ya tuƙa bas ɗin nan har Amurka.

Sai cutar nan da ta game duniya ta zo, ko a ce labarinta ya zo, don ita kanta ta daɗe ba ta samu jirgin da zai shigo da ita ba. Amma mutane ba su manta ƙyandar da ta kwashe yara ba da jimawa ba, ƙananan kaburburan da ke ƙofar gidaje simintinsu bai gama bushewa ba, don haka babu wanda ya ɗauki abin da wasa. Gwamnati ta tsayar da motocin haya, daga baya ta ce su fito amma da mutane kaɗan, kowa da takunkumi a fuska, kowa nesa da kowa.

Pesamino ya zauna gida. Matarsa, mai suna Malama, ita ce ta sha wuyar wannan zaman. Ya sake wa tukwane wuri, ya sake wa kaji wurin kwana, in an kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma ya jera jikoki bisa nauyinsu. Mutumin da ya saba juya mota guda da bulala ɗaya ya koma yana faɗa da matashin kai. Can sai dabara ta faɗo masa: in babu cinyar da zai raba, ai akwai cinyar da zai hana.

Da majalisa ta zauna ya miƙe da sandarsa. Ya faro daga kakannin da suka zo cikin kwalekwale, ya bi ta kan annabawa, ya sauko kan cinya. Ya ce ta nan cuta ke shiga, ya ce shi ya fi kowa sani tunda ya ga abin da ba ya faɗuwa. Ya nemi gari ya kafa dokarsa ta kansa: duk ɗan Vailupe da ya zauna a cinyar wani a mota, tarar alade ɗaya, wanda aka zauna wa, alade ɗaya, direban da ya ɗauki mutum a cinya ko a tsaye, shi ma alade.

Mutum ɗaya ne ya musa, Folasa, mai sandar ɗaya ɓangaren garin, wani tsoho ƙanjamamme mai tsinin baki. Sun yi shekaru suna jayayya kan wa ya kamata ya fara magana in an yi baƙi. Folasa ya ce umarnin gwamnati ya isa, tunda shi zai wuce in cuta ta wuce, dokar gari kuwa in ta shiga gida ba ta san ƙofar fita ba. Ya ƙara da cewa wanda ke kawo dokar nan shi zai fara kuka da ita.

Nan Pesamino ya buga sanda a ƙasa.

"Ranar da bakin nan nawa ya nemi a janye dokar nan, ku karɓe sandar nan ku ba Folasa ya tokare igiyar shanya da ita."

"Na ji, Lau Tofa," in ji Folasa. "Igiyar matata kuwa dama ta saki."

Aka yi dariya, aka kafa doka, aka sha abin sha aka watse.

Abin da ya sa bakin Pesamino ya yi ƙarfi haka, ashe ɗansa Uelese da ke Niyu Zilan ya riga ya sa masa ƙaramar mota a jirgin ruwa, wai kada tsoho ya cuɗu da jama'a. Ta iso fara fat, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru. Ya koyi tuƙi a filin coci, shingen furannin matar fasto ya ɗauki nauyin karatun. Bai cire ledar kujerun ba. Yakan shiga shi kaɗai ya ɗage gilashi, ya kunna sanyi, ya ɗaura takunkumi don kada ya shafa wa kansa wani abu. Bas kuwa ta samu sabon suna a bakinsa, akwatin cuta. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa hancinsa na cikin hammatar gari guda, yanzu in bas ta gifta sai ya kawar da kai.

Da aka ga mota a ƙofar Pesamino, duk gidan da ke da ɗa a waje ya ɗauki waya. Kafin a ankara, gidan da babu mota a gefen kabarin kakansu ya zama abin tausayi, kamar ba su haifi kowa ba.

Cutar ta shigo daga baya, ta kwantar da waɗanda ta kwantar, aka yi allura, aka yi addu'a, Ubangiji ya sassauta. Gwamnati ta janye umarninta. Sauran garuruwa suka koma cinyoyinsu kamar ba a taɓa dainawa ba. Vailupe kaɗai ta tsaya da dokarta. Bas da ba a zama a cinya kuwa rabin bas ce, ba ta fitar da kuɗin mai. Direba ɗaya ya sayar da tasa aka mayar da jikinta kantin sayar da sabulu, ɗayan ya tafi Ostireliya tsinkar inabi. Kelemete kaɗai ya rage, shi ma don bai iya komai ba sai wannan.

Hanyar Apia ta toshe. Tafiyar da a da mutum zai rera waƙar yabo huɗu ya ga kasuwa, yanzu sai ya kusa ƙare littafin. Motoci a jere hanci da wutsiya, kowace da mutum ɗaya a ciki yana kallon ƙeyar motar gabansa. Tunda hanya ta daina tafiya, Kelemete ya rage sawu, waɗanda ba su da ɗa a waje kuma suka koma kokawar benci. Fuatino na cikinsu. Gidanta a tsakiyar gari yake, sau da yawa bas kan iso ta a cike bisa doka, wato kowa zaune da cinyarsa fayau babu kowa a kai. Ta tsaya a gindin bishiya da kwandon gwazarta, ganyen da ta rufe shi da shi yana yaushi, ta karanta zabura ɗaya ta koma gida. Wani lokaci Pesamino ya wuce a farar motarsa, kujeru uku babu kowa, ya ɗaga mata bulala ta cikin gilashi.

Amma akwai abin da ta lura da shi a ranakun da ta samu benci. In cunkoso ya tsayar da motarsa kusa da bas, yakan sauke gilashi kamar faɗin yatsa biyu. Kunnensa na wajen kiɗa da shewar matan baya, idonsa na bin kawuna ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Rabon wuri yake yi. Sau ɗaya har bulalar ta ɗaga da kanta ta nuna wata ɗaliba, sai ya wayance da korar ƙuda, a motar da ƙuda bai taɓa samun izinin shiga ba.

A wannan tsakanin aka yi baƙi daga wata ƙungiya. Sun zo a manyan motoci uku, kowace da direba da mutum ɗaya, don su yi wa gari bayanin hayaƙin mota da yadda teku ke tasowa. Pesamino ne ya yi jawabin maraba. Daga gidansa ana hango zauren majalisa, amma a mota ya zo, ya bar injin a kunne don kada ta huce kafin ya gama. Ya ce kakanninsa sun ƙetare teku ba da ɗigon mai ba, ya ce shi ya daɗe yana faɗa wa mutanen nan. Baƙin suka ba da shawara a riƙa haɗuwa a mota ɗaya, ya gyaɗa kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Wata daga cikinsu ta tambaya me ya sa ta ga bas ta bar mutane a bakin hanya, ya ce tsafta ce da tarbiyya, ta yaba ƙwarai. Suka bar kekuna kyauta, aka ɗauki hoto, Pesamino na riƙe da ƙahon ɗaya kamar akuyar da aka ba shi riƙo.

Kekunan sun yi mako guda a hanya. Karnukan Vailupe ba su taɓa ganin ƙwaurin mutum yana juyawa a gabansu daidai tsayin baki ba, suka ɗauka su ma an kawo musu tallafi. Bayan an ɗinke mutum biyu a asibiti, kekuna suka koma bayan gida ana shanya zani a kansu, kuma gaskiya suna busar da shi da kyau.

Tekun da baƙin suka ambata kuwa bai jira an gama fahimta ba. Akwai wani lungu a hanyar Apia, ƙarƙashin dutse, inda ruwa kan hau kwalta in wata ya cika. Da can iya idon sawu yake tsayawa. Wata safiya da aka kwana ana ruwa, bas ɗin Kelemete ta shiga da dogayen tayoyinta ta fita. Pesamino na biye. Ya ga akwatin cuta ta wuce, ya ga bai kamata a ce motar Niyu Zilan ta ja baya ba. Ya shiga. A tsakiya injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Ruwan gishiri ya shigo ya zauna a kan ledar kujeru ba tare da an nuna masa wuri ba. Lau Tofa ya fito ta taga, wanda shi kansa abin kallo ne, ya hau rufi da sandarsa, zani a naɗe har cinya.

Kelemete ya tsaya a tudu ya leƙo. Duk tagogin bas sun cika da fuskoki.

"Lau Tofa, da na ɗauke ka, wallahi. To benci ya ƙare, ni kuma alade ɗaya gare ni, shi ma na Kirsimeti ne."

"Wa ya ce maka tafiya zan yi? Duba ruwan nake yi."

"To Allah ya ba da sa'ar dubawa," in ji Kelemete, ya ja motarsa.

Samari ne suka turo farar motar gida da yamma. Gishiri ya cinye abin da zai ci a cikinta. Makaniki ya buɗe ya rufe, ya yi wa iyalin gaisuwa. Uelese ya ce a waya shi ma yana da yara a makaranta. Motar ta zauna a ƙofar gida, kajin Malama suka gano cewa kujerar baya ta fi kowane akurki.

Sai ga Pesamino a bakin hanya da farin zani da kwandala a kunne. Gidansa kuwa shi ne na ƙarshe, bas ba ta iso shi sai ta gama ɗiban gari. A da wannan ba komai ba ne, wanda ke bencin farko zai tashi ya koma cinyar wani a baya. Yanzu wanda ya tashi sai dai ya sauka. Ranar farko wani saurayi mai aiki a otal ya sauka don girmamawa, ya isa aiki da azahar, aka kusa sallamarsa. Daga nan wani irin barci ya riƙa kama matasan Vailupe daidai kwanar gidan Pesamino, ya sake su da an wuce. Kelemete yakan rage gudu, ya danna oda cikin ladabi, ya wuce.

Kowa ya gaji da dokar, har waɗanda suka ɗaga mata hannu. Amma mutanen Pesamino ba za su nemi a janye ta ba, don kamar sun tuɓe masa zani ne a kasuwa. Mutanen Folasa ba za su nema ba, don jira suke ya nema da bakinsa su karɓi sanda. Yawancin masu zama a majalisar kuma suna da mota. Haka gari guda, da masu ciki da masu ciwon suga da masu gwaza, suka yi ta shanya a rana saboda tsofaffi biyu da itace ɗaya. Folasa yakan aiko a gaishe da Pesamino, a kuma shaida masa igiyar tana nan yadda take. Pesamino ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya daina faɗa da kaji.

Wata Laraba da la'asar, Fuatino na cire ciyawa a gefen kabarin mijinta da ke ƙofar gida, maƙwabta suka ga Pesamino ya shigo a ƙafa. Ya jingine sandarsa a shinge, abin da bai taɓa yi a gidan kowa ba, ya zauna a bakin kabarin. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ba ta daina cirar ciyawa ba. Bai daɗe ba ya tafi. Kafin ƙararrawar addu'a labari ya zaga cewa neman aure ya je. Da aka kai wa Malama, ta ce duk mai so ta ɗauka, ta haɗa da motar.

Ranar Juma'a Fuatino ta sa farar rigarta ta coci, ta ɗauki kwandonta, ta tsaya a tsakiyar kwalta. Kelemete ya taka birki, ya ce mata uwa, yi haƙuri, babu wuri. Ta hau kamar ba ta ji ba. Ta tura kwando ƙarƙashin benci, ta wuce na farko, ta wuce na biyu. A na uku Sieni ce zaune, matar Folasa, mace mai faɗi kamar ƙofar coci, da naɗin tabarmin da take kaiwa kasuwa duk Juma'a. Fuatino ta juya, ta gyara riga, ta zauna mata a cinya.

Kelemete ya kashe kiɗa. Ana jin numfashin zakaran da ke bencin baya.

"Fuatino, lafiyarki kuwa?" in ji Sieni a kunnenta. "Alade ne fa. Tashi, don Allah."

"Na gaji da tsayuwa ne, 'yar'uwa."

Ture gwauruwa mai furfura, shugabar addu'a a zumuntar mata, cikin farar riga, a gaban mota guda, wannan ba abin da Sieni za ta iya ba ne. Kelemete ma bai ga ta inda zai fara sauke ta ba, sai ya ja mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ramin farko bas ta yi tsalle, hannuwan Sieni suka zagayo da kansu suka riƙe ƙugun Fuatino, yadda suka saba riƙe duk wanda ya zauna musu tun tana budurwa. Duk wanda ke cikin motar ya gani. Da suka zo kwanar ƙarshe, Pesamino na tsaye a wurinsa, ya riga ya buɗe baki don mamaki tun motar ba ta iso inda zai iya hango benci na uku ba.

Majalisa ta zauna zaman gaggawa. Fuatino da Sieni da Kelemete suka zauna a waje kan tsakuwa, cikin rana, inda masu laifi ke zama. Pesamino ya miƙe, muryarsa ta dawo, har cikinsa kamar ya ɗan dawo. Ya nemi alade uku, ba ragi. Ya ce Fuatino abar tausayi ce, mace ba miji ba mai kwaɓa, karatunta bai wuce gane lambar waƙa a allon coci ba, wataƙila ma ba ta san me ake nufi da doka ba. Ya daɗe a kan wannan fiye da yadda ake bukata. Fuatino ta sunkuyar da kai tana kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa. Sannan ya juya kan Sieni wadda ta karɓa, matar mai sanda, daga gidan da ya kamata a koyi doka, ta kuma rungume da hannu biyu. Ya ce zuciyarsa ta karye, amma doka ba ta san ɗan'uwa ba.

Alade ɗaya ne a gidan Folasa, ƙato, an shekara biyu ana kiwonsa don bikin 'yarsu. Ya ce matarsa ba ta gayyaci kowa ba. Aka tambayi Kelemete inda hannuwanta suke, ya ce shi hanya yake kallo, amma madubinsa ya gani. Folasa ya zaga ta gabas, ya zaga ta yamma, ya leƙa waje ya haɗa ido da Sieni. Abin da ya gani a idon ya sa ya gyara murya ya ce, tunda cuta ta wuce, yana roƙon majalisa ta janye dokar, ta kuma yafe abin da ya faru.

Pesamino ya ƙi. Aka roƙe shi, ya ƙi. Sai da kowane dattijo ya sa baki, rana ta karkata, tsakuwa ta gama gasa na waje, sannan ya share ido da gefen bulala ya ce ba zai iya kallon ɗan'uwansa cikin wannan hali ba.

"Amma a shaida, bakina bai nema ba."

"Bai nema ba, Lau Tofa," in ji Folasa. "Ni ma ina ta mamakin yadda aka yi."

Ranar Litinin Pesamino ya koma bencin farko. Motoci ba su ɓace ba, hanya tana nan a toshe, teku na hawa kwalta in wata ya cika, kekuna na shanya zani. Amma bas ta daina barin mutum a gindin bishiya, wasu masu motar ma suka fara ajiye ta gida, wai mai ya yi tsada, alhali gulma suka yi kewa. Pesamino ya samu sabon labari, kullum sai ya ba da shi: yadda ya ji tausayin wata gwauruwa marar ilimi ya ceci gari. Yana ba da shi Fuatino na zaune a gefensa, don tun daga ranar tagar ta zama tata. Ya ce iska ce ke sa masa ciwon wuya. Godiya dai ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Bara ya rasu, da sandarsa a hannun danginsa. Da za a dawo da shi daga asibiti, akwatin ya ƙi shiga tsakanin bencina, sai aka shimfiɗa shi a cinyoyin maza, har da mai sayar da kifi. Babu wanda ya raba wurin, shi ya sa ɓangaren kai ya fi nauyi. A wajen jana'iza Folasa ya yi jawabi mai kyau kan tausayin marigayi, ya kuma dubi Fuatino sau biyu yana yi.

Abin da Pesamino ya faɗa wa Fuatino ran Larabar nan a bakin kabari ba shi da tsawo. Bai gaishe ta da sunan sarautar gidansu ba, bai faro daga kakanni ba. Ya zaro kwandalar daga kunne yana juya ta a yatsa, ya ce:

"Fuatino, jibi Sieni za ta kasuwa. Benci na uku take zama. Ki hau ki zauna mata a cinya, kada ki ce komai. In na tashi a majalisa zan ɗan taɓa ki da magana, ki sunkuyar da kai, kada ki dube ni, in kin dube ni zan rikice. Kuma don Allah ki ci abinci sosai kafin ki fito. Ba ki da nauyi, ina so ta san an zauna."